Kasuwar Shabi ta Hartum da Umdurman: Inda Na Gano Lissafin Ɗalibi

 

A watan Nuwamba na shekarar 2018 Allah Ya nufe ni da zuwa Hartum, babban birnin Sudan, domin in duba ɗan ƙanena da yake karatu a can. Ranar da zan bar Maraɗi ubansa ya damƙa mini ambulan ta kuɗi, sa'an nan ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, don Allah ka gano mini inda yaron nan yake kai kuɗi. An ce mana karatun kyauta ne, amma wata bai taɓa ƙarewa ba sai ya bugo waya." Na san gidaje da yawa da ake wannan magana a cikinsu, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na gani. Amsar da na kawo wa ƙanena a kasuwa na samo ta.

Hartum birane uku ne da kogi ya raba. Farin Nilu yana zuwa daga kudu, Shuɗin Nilu yana gangarowa daga duwatsun Habasha, suna haɗuwa a wurin da ake kira Mugran. Hartum tana tsakanin kogunan biyu, Umdurman tana yamma, Bahri tana arewa. Yaronmu yana Jami'ar Afirka ta Duniya, a kudancin Hartum, wadda ta fara a matsayin cibiyar Musulunci ta Afirka a 1977, ta zama jami'a a 1992. A Umdurman kuwa akwai Jami'ar Musulunci, wadda tushenta makarantar ilimi ce da aka kafa tun 1912, akwai kuma Jami'ar Alƙur'ani. Waɗannan makarantu ne suka daɗe suna jan ƴaƴanmu daga Nijar da Najeriya da Cadi da Kamaru da Gana.

Kwana biyu da saukata na yi wa yaron tambayar ubansa. Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ka bari sai Asabar, ranar cefanenmu ce. Ka raka ni Suk Shabi, gani ya kori ji."

Hanyar kasuwa

Suk al-Shabi ma'anarsa kasuwar talakawa, kuma biyu ce: ɗaya a Hartum, kudu da tsakiyar birni, daura da unguwar masana'antu, ɗaya a Umdurman. Da ta Hartum muka fara. Bayan sallar asuba muka tsaya bakin titi muna jiran hafla, wato ƙaramar bas ta haya. Akwai raksha mai ƙafa uku, akwai amjad wadda ake ɗauka shata, amma yaron bai ko dube su ba. Ya ce kuɗin amjad sau ɗaya ya ishe shi hafla ta kwanaki. Mun daɗe a tsaye, domin a lokacin man fetur ya yi wuya, motoci da yawa suna kwana a layin gidan mai. Da muka samu shiga, yaron mota, wanda suke kira kumsari, ya riƙa kaɗa yatsu yana karɓar kuɗi ba tare da ya buɗe baki ba. Mai son sauka ma yatsun yake kaɗawa.

Wanda ya san babbar kasuwar Maraɗi ko Kurmi ta Kano ba zai yi baƙunta a Suk Shabi ba. Rumfuna ne na kwano da buhu, da lunguna matsattsu, da amalanken jaki, da ƙura. Ga layin masu hatsi, ga na masu gawayi, ga na tufafin gwanjo, ga masu gyaran salula, ga mata masu shayi kowace da ɗan murhunta da kujeru ƴan ƙanana kewaye da ita. A bakin wasu shaguna an jera randuna da moɗa, wanda ƙishi ya kama ya sha ya wuce, sadaka ce. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne kayan gida da na tarar da wasu sunaye. Zoɓorodo shi ne karkade, tsamiya ita ce aradeb, ƴaƴan kuka su ne gongoles, aduwa lalob, goruba dom, busasshiyar kuɓewa da aka daka kuma weka. Hatsi da malwa ake aunawa, kamar yadda muke yi da tiya, mai da sukari kuwa da ratal.

Na tsaya zan sayi katifa ƙarama domin ta yaron ta mutu. Da na tambayi kuɗi, mai shago ya ambaci miliyan. Na ja da baya ina salati. Yaron ya yi dariya ya ce fam dubu yake nufi. Dalili shi ne kuɗin ƙasar ya sauya suna har sau biyu. A 1992 aka bar fam aka koma dinari, dinari ɗaya fam 10. A 2007 aka dawo da sabon fam, wanda suke kira jine, kowane ɗaya daidai da dinari 100, wato tsohon fam 1,000. Takardun kuɗi sun sauya, bakin mutane bai sauya ba: fam ɗaya suna ce masa dubu, fam dubu suna ce masa miliyan. Sabon ɗalibi da bai san wannan ba, ko dai ya gudu daga ciniki mai sauƙi, ko ya biya abin da ba a tambaye shi ba.

Kaye da tukunya guda

Yaron ya fito da ɗan kaye daga aljihu, irin na ƴan lakwal, wanda zufa ta riga ta ci gefensa. Ya ce su shida ne suka haɗa tukunya, abin da mutanen Sudan suke kira mez. Farkon wata kowa ya zuba rabonsa, a naɗa mutum ɗaya ya riƙe kuɗi da kaye, girki kuma a yi shi bi da bi. A watan nan shi ne ma'aji. Na bi shi ina kallo. Ya sayi albasa da adas da shinkafa da man gyaɗa da sukari da ganyen shayi, duk na wata guda. Tumatir da ganye bai saya da yawa ba, domin zafin garin ba ya barin ɗanyen abu ya kwana biyu. Nama kuwa ya wuce layin mahauta kansa a sunkuye, ya ce sai Juma'a biyu a wata. Kowane abu ya saya sai ya tsaya ya rubuta kafin ya ɗaga ƙafa. Wurin mutum ɗaya yake sayen kayan awo tun shekarar da ya zo, domin mai shagon yana yi masa gyara, idan kuma kuɗi sun makara yakan ɗaga masa ƙafa kwana kaɗan.

Wajen ƙarfe goma da rabi, lokacin da mutanen Sudan suke karin kumallo, muka zauna wurin mai ful. Ful wani wake ne mai faɗi da ake dafawa dare guda a cikin tukunya mai dogon wuya, a dama shi da man riɗi, a ci da burodi. Yaron ya nuna mini wasu samari huɗu sun kewaye kwano ɗaya. Ya ce wannan shi ne bosh, abincin ƙarshen wata: a gutsuttsura burodi a jiƙa shi da ruwan da aka dafa ful, a ɗan zuba mai da albasa. Mutane suna cewa sunan shugaban Amurka Bush aka laƙaba masa don ba'a. Na ce, "Kai ma kana ci?" Ya ce, "Baba, daga ashirin ga wata ai shi ne sarki."

A nan na karɓi kayen na duba shafi shafi. Gida huɗu ya raba shi. Na farko abinci. Na biyu kuɗin mota. Na uku takardu, wato kwafin darussa da littattafai, da sabunta iƙama, takardar izinin zama da ake biya duk shekara, da bizar fita idan za a zo hutu. Na huɗu sabulu da katin waya da magani, domin zazzaɓin cizon sauro bai san ɗalibi ba. Ban ga ko sisi da ya tafi ga shashanci ba. Abin da na gani shi ne farashin abu ɗaya a watan Janairu da farashinsa a watan Oktoba kamar ba ƙasa ɗaya aka saye su ba.

Ga dalilin. A 2011 Sudan ta Kudu ta ɓalle, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur ɗin da ƙasar take haƙowa, kuɗin waje suka yi ƙaranci. A farkon 2018 farashin hukuma na dalar Amurka ya tashi daga fam 6.7 zuwa 18, a watan Oktoba ya kai 47.5. Burodin da ake saye rabin fam ya koma fam ɗaya tun watan Janairu, shi ma sai an yi layi. Bankuna sun ƙayyade abin da mutum zai iya cirewa, na'urorin cirar kuɗi sun bushe. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar tun 1997 an ɗage shi a Oktoban 2017, amma har lokacin zuwana katin bankin waje ba ya aiki. Saboda haka kuɗin ɗalibi ta hannun matafiya da fatake suke zuwa, uba ya biya a Maraɗi ko Kano, ɗa ya karɓa a Hartum, wani lokaci bayan mako biyu, an kuma zaftare lada.

Kuskuren yaronmu ɗaya ne, kuma kuskuren gidanmu ne. Muna aika masa kuɗin wata uku a dunƙule, shi kuma ya canza su duka zuwa fam ranar da suka iso. Sefa tana ɗaure da Yuro, Yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Fam kuwa yana narkewa a aljihu kamar ƙanƙara. Jika hamsin da ta ishe shi a watan farko, idan ya riga ya mayar da ita fam, a wata na uku ba ta iya sayen kayan da ta saya a farko. Uba yana gida yana ƙirga jikunan da ya aika, ɗa yana kasuwa yana ƙirga burodin da suka saya, kowa yana ganin ɗan'uwansa bai fahimce shi ba.

Dattijon Umdurman

Da hantsi muka haye gadar Farin Nilu zuwa Umdurman, garin Mahadi, inda ƙubbar kabarinsa take hange daga nesa. Kasuwar Shabi ta can ta fi faɗi da hayaniya. Akwai sashen kayan lambu inda manoma suke sauke kaya tun da jijjifi, akwai tashar manyan motoci masu zuwa garuruwa na nesa. Yaron ya ce yakan zo nan ne idan za su sayi dabino ko albasa da buhu, su haɗa da ɗaliban wani mez a raba kuɗin mota.

Muna cikin tafiya sai ƙamshin tsire ya bugi hancina. Mutanen Sudan agashe suke ce masa, kuma kowa a ƙasar ya san daga hannun Hausawa ya fito, har da ƙulinsa da yajinsa. Mai tukubar dattijo ne fari fat da furfura. Da ya ji muna Hausa ya ce, "Maraba da mutanen gida. Alhaji, daga ina?" Hausarsa tsohuwa ce, tana gauraye da Larabci, amma babu abin da ya ɓace mini. Bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba.

Hausawa da Fulani sun daɗe a Sudan, ana kiransu Fallata ko Takari. Wasu sun zo ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da yawa kuma mahajjata ne masu tafiya a ƙasa, suna yada zango su yi ƙodago a gonakin audugar Jazira, waɗanda aka buɗe a 1925, domin su tara kuɗin jirgin ruwa. A Hartum ma, kusa da kasuwar Shabi, an yi wata unguwa da ake kira Ishash Fallata, kafin hukuma ta tashe ta zuwa kudancin birnin.

Dattijon ya ce kakansa daga ƙasar Katsina ya taso da niyyar hajji da komawa gida. Hajji ya samu, komawa ba ta samu ba. Ya karɓi kayen yaron ya jujjuya, yaron ya karanta masa gidajen huɗu. Sai ya ce, "Ɗana, lissafinka ya yi kyau, amma ina gida na biyar? Ina kuɗin komawa?" Yaron ya ce idan hutu ya zo ana aiko masa da kuɗin jirgi. Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Kakana ma haka ya yi zato, wai idan lokaci ya yi za a samu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ajiye abin da zai fitar da kai daga garin nan ko da tsakar dare ne, ka ɗauka ba naka ba ne."

A daren nan na buɗe ambulan ɗin ƙanena na raba ta biyu. Kashi ɗaya na ba yaron, na ce ya riƙa canzawa kaɗan kaɗan gwargwadon bukatar mako biyu. Ɗaya kashin, wanda na riga na mayar dalar Amurka tun daga gida, muka naɗe a leda tare da fasfo ɗinsa, na sa ya yi mini alkawari ba zai taɓa ba ko da bosh zai ci wata guda.

Abin da ya biyo baya

Ban cika wata da dawowa ba aka ninka farashin burodi sau uku a garin Atbara, daga fam ɗaya zuwa uku. Ranar 19 ga Disamba 2018 zanga-zanga ta ɓarke a can ta bazu ƙasar, ranar 11 ga Afrilu 2019 mulkin Umar al-Bashir na shekara talatin ya faɗi. An rufe jami'o'i watanni, ɗalibai suna zaune suna cin guzuri ba karatu. A watan Fabrairu 2021 farashin hukuma na dala ya tashi daga fam 55 zuwa kimanin 375 a rana ɗaya, a tsakiyar shekarar kuma hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari. Yaronmu ya jure har ya gama ya dawo. Ledar nan bai buɗe ta ba, amma ya bar wa ƙannensa na mez al'adar gida na biyar.

Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, daidai da 24 ga Ramadan 1444, yaƙi ya ɓarke a tsakiyar Hartum tsakanin sojojin ƙasa da rundunar RSF. Bankuna suka rufe, wuta da ruwa suka ɗauke, layin waya ya riƙa yankewa, har manhajar Bankak da jama'a suka dogara da ita wajen biyan kuɗi ta riƙa tsayawa. Iyaye suna gida da kuɗi a hannu, babu hanyar aikawa. Kuɗin motar zuwa iyakar Masar ko zuwa Bur Sudan, tafiyar kimanin kilomita 800, ya ninka sau da yawa, direbobi kuma ba sa karɓar alkawari. Gwamnatin Najeriya ta yi hayar manyan motoci, suka fara ɗaukar ɗalibai daga harabar Jami'ar Afirka ranar 26 ga Afrilu, wasunsu suka yi kwanaki a bakin iyakar Masar cikin rana kafin a bar su su shiga, jirgin farko ya sauka Abuja ranar 3 ga Mayu. Wani ƙanen yaronmu na mez ya ba ni labari da bakinsa cewa ajiyar nan ce ta sayi ruwa da burodi da kujerar mota, tasa da ta wata ɗaliba ƴar garinsu wadda kuɗinta duka suna banki.

Kasuwar da na yi yawo a cikinta ba ta tsira ba. An washe shaguna, an ƙona wasu, a watan Yuli 2023 harsasan manyan bindigogi suka faɗa kan kasuwar Shabi ta Umdurman mutane fiye da 30 suka rasu. Fam ya ci gaba da faɗuwa har dala ɗaya ta haura fam 2,000 a kasuwa a 2024. Jami'o'in birnin suka watse, wasu suka koma koyarwa ta intanet ko a wasu garuruwa. A watan Maris 2025 sojoji suka ƙwace Hartum, jama'a suka fara komawa suna share kangayensu. Duk lokacin da aka ambaci Umdurman sai dattijon nan mai agashe ya faɗo mini a rai, in yi masa addu'a.

Nasiha ga gidajenmu

Ya ku iyaye, ƴaƴanmu ba za su daina fita neman ilimi ba. Yau wani yana Alƙahira, wani yana Madina, wani yana Rabat, wani yana Jami'ar Musulunci ta Say nan kusa da Yamai. Darasin Suk Shabi yana aiki a ko'ina.

Kafin yaro ya tashi, a karanta takardar gurbin karatun da kyau, a tambayi waɗanda suka riga shi zuwa. Wani gurbin kuɗin makaranta kaɗai yake ɗauka, wani ya haɗa da ɗaki, wani har da abinci. Abin da bai ɗauka ba a kan gida yake, a san shi tun kafin a yi ban kwana.

A tambayi yaro farashin burodi da mota da mai a garin da yake, a riƙa sabunta lissafi da su. Adadin da aka yanka shekarar da ya tafi ba lalle ne ya ishe shi shekara ta biyu ba. Idan kuɗin ƙasar mai faɗuwa ne, ya riƙe abinsa a kuɗi mai ƙarfi, ya canza kaɗan kaɗan ta hanyar da dokar ƙasar ta yarda.

A sa shi ya riƙe kaye, ya kuma shiga tukunya da abokan kirki. A tsayar da ranar aike a cika ta, domin jinkirin mako ɗaya shi yake jefa yaro cikin bashi, bashi kuma yakan kai ga riba ko ga abokan banza. Idan ɗiya ce, a ƙara mata kuɗin mota, kada tsimi ya sa ta tsaya bakin titi bayan magariba.

Sa'an nan gida na biyar. Kuɗin komawa su kasance a hannun yaron, tsaba, tare da fasfo da kwafin takardunsa na makaranta. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a bakin wannan kogi na Nilu ya koya wa mutanen Masar ajiyar shekarun wadata domin shekarun fari, kuma babu wanda ya fi annabawa tawakkali.

Ku kuma ɗalibai, ku tuna jikar da ta iso hannunku wani lokaci akuyar uwa ce aka kai kasuwa, ko buhun gero da aka fitar daga rumbu kafin kaka. Ku faɗa wa iyayenku gaskiyar halin da kuke ciki, ba ƙari ba ragi. Da na dawo Maraɗi na ajiye wa ƙanena kwafin shafi uku na kayen ɗansa. Ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, "Yaya, ashe na zalunci yaron nan da zato." Daga wannan watan ya koma aike duk ranar ɗaya ga wata.

Allah Ya kawo wa mutanen Sudan zaman lafiya mai ɗorewa, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya tsare ƴaƴanmu a duk inda suke neman ilimi, Ya dawo mana da su lafiya da abin da suka je nema. Amin.